Kafin ka ba da kafin alƙalami: yadda ake sa ƙwararre ya duba gida a Legas, da yadda ake karanta rahotonsa

Yayana ya shekara fiye da ashirin yana harkar shanu a mayankar Oko-Oba da ke Agege, yana haya shi da iyalinsa. Da Allah ya hore masa, sai dillali ya kai shi wani gida a ɓangaren Isheri, kusa da kogin Ogun. Watan Disamba ne, ƙasa a bushe, gidan ya sha sabon fenti, tsakar gida an shimfiɗe ta da siminti. Ya kira ni yana murna, ya ce gobe zai ba da kafin alƙalami. Na ce, "Yaya, ka ba ni kwana uku, mu kawo injiniya ya gani." Ya ce shi da idonsa ya gani, kuma ya gina gida a garinmu, ba baƙon gini ba ne. Da ƙyar ya yarda.

Injiniyan da ya zo bai fara da gidan ba. Ya tsaya a bakin titi yana kallon katangar maƙwabta, wadda ba a yi wa fenti ba. Akwai wani layi mai duhu a jikinta, miƙe sambal, daidai gwiwar babban mutum. Da muka shiga falo sai ya nuna mana inda ake jona wuta. Duk soket ɗin an mayar da su sama, daidai ƙirji, kuma idan ka shafa ƙasan bangon za ka ji inda aka toshe ramukansu na da. Ya juyo ya ce, "Alhaji, mai gidan nan ya san inda ruwa yake tsayawa, shi ya sa ya ɗage wutarsa."

Tun daga ranar nake faɗa wa duk ɗan uwan da zai sayi gida a Ikko cewa idon da muka taho da shi daga Arewa bai isa ba. Mu mun saba da ƙasa mai tauri da dogon rani. A nan ruwa ne babban abokin gabar gini: yana sauka daga sama, yana tasowa daga ƙasa, kuma a kusa da teku iska ma ɗauke take da gishiri. Ga yadda ake bin lamarin.

Da farko, ka rarrabe takardu uku

Mutane da yawa suna haɗa su wuri ɗaya. Ta farko ita ce binciken mallaka, aikin lauya ne da safiyo. Lauya zai je ofishin filaye na jihar a Alausa ya duba ko takardar mallakar ta gaskiya ce, ko an jinginar da gidan a banki, ko akwai shari'a a kansa. Safiyo kuma zai kai lambobin taswirar filin ofishin babban safiyo na jiha a tabbatar ba a cikin filin da gwamnati ta karɓe yake ba. Kar ka manta, a ƙarƙashin dokar amfani da ƙasa ta 1978, sai da amincewar gwamna cinikin gida mai takardar mallaka yake cika. Ta biyu ita ce takardar ƙima, wadda masu ƙiyasta darajar kadara suke rubutawa, ita ce take cewa gidan ya kai kuɗi kaza a kasuwa. Banki ya fi damuwa da ita.

Ta uku ita ce maganarmu: rahoton lafiyar gini. Ba ruwansa da wanda ya mallaki gidan, ba ruwansa da tsadarsa ko araharsa. Abin da yake gaya maka shi ne halin da tushe, ginshiƙai, rufi, wayoyin wuta da bututun ruwa suke ciki a ranar da aka duba, da abin da zai ci kuɗinka nan gaba. Babu wanda zai tilasta maka yin sa. Amma ka sani, a cinikin gida nauyin dubawa yana wuyan mai saye ne. Idan ka biya, ka karɓi makulli, sannan ka ga bango yana tsagewa, da wuya ka sami abin riƙewa a kotu sai dai idan za ka iya nuna cewa an yi maka ƙarya ƙiri-ƙiri.

Wanda zai duba, kai za ka nemo shi, kai za ka biya shi

Dillali la'adarsa yake jira, kuma ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa. Ko mutumin kirki ne, kar ka ɗora masa nauyin kawo mai dubawa. Haka ma rahoton da mai gida zai miƙo maka ya ce an riga an duba: ka karɓa ka karanta, amma ka yi naka.

Idan bene ne, ko gida ne a Lekki, Ajah, Badore da sauran wuraren da aka cike fadama da yashi aka yi gini, injiniyan gine-gine mai rajista da COREN, hukumar da take yi wa injiniyoyi rajista, kake buƙata. Ƙaramin gida na ƙasa a tudu, kamar wasu sassan Agege ko Ikeja inda ƙasar jar ce mai ƙarfi, ƙwararren magini mai rajista da hukumar magina, CORBON, ko mai zanen gine-gine mai rajista da tasu hukumar, ARCON, zai iya yi, in ya ga abin da ya fi ƙarfinsa ya ce a kira injiniya. Ka nemi lambar rajistarsa, ka tabbatar da ita a wurin hukumar, kuma ka ce kana son hatiminsa da sa hannunsa a kan rahoton. Birkilan da ka yarda da shi yana da amfani ƙwarai, ka tafi da shi, sau da yawa yakan ga abin da mai takarda bai lura da shi ba. Sai dai maganarsa ta baki ce, ba za ka iya ajiye ta a kan tebur ranar ciniki ba.

Kafin ya zo, ku rubuta abin da aikin ya ƙunsa. Da ido kawai zai duba ko har da na'ura? Zai hau cikin silin? Zai zo da mai aikin wuta da mai aikin famfo? Zai sa hotuna? Zai ƙiyasta kuɗin gyara? Kuɗin aikin ya danganta da girman gida da yawan gwaje-gwaje, don haka ka tambayi mutum biyu ko uku ka kwatanta abin da kowa zai yi, ba farashi kaɗai ba.

Lokacin dubawa

Kafin ka ba da ko sisi. Idan mai gida ya matsa sai an ajiye wani abu, to lauyanka ya rubuta ƙarara cewa za a mayar maka da kuɗinka idan rahoto ya nuna babbar matsala a jikin gini, kuma a faɗi kwanakin da aka ba ka.

Damina ta fi kowane lokaci tona asirin gida. Ruwan Legas yana ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, Yuni ya fi kowane wata, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. In da hali, ka je unguwar bayan an ɗauke ruwa da awa ɗaya ko biyu ka ga titi, ka ga kwata, ka ga tsakar gida. Amma akwai ambaliyar da ba ruwan unguwa ke kawo ta ba. Idan aka saki ruwa daga madatsar Oyan da ke kusa da Abeokuta, yakan biyo kogin Ogun ya malale a Isheri, Kara, Agiliti, Ajegunle ta hanyar Ikorodu da wasu sassan Mile 12, galibi wajen ƙarshen damina. Gida yana iya bushewa a Yuni ya nutse a Oktoba. Idan cinikinka ya faɗo a rani, ka tambayi mai shayi, mai wanki da guga, maigadin layin da 'yan acaɓa. 'Yan uwanmu ne da yawa daga cikinsu, kuma za su nuna maka da hannu inda ruwa ya tsaya bara.

Ranar dubawa

Ka je da kanka, da rana, ka ware awa uku zuwa huɗu. Tun kafin ranar ka ce a buɗe kowane ɗaki, har da sito da ɗakin maigadi, a tanadi tsani, a cika tanki, a tada janareta idan babu wuta. Ɗakin da aka ce makullinsa ya ɓace, ka sa a rubuta shi a rahoto, kuma kar a rufe ciniki sai an gan shi. Idan akwai 'yan haya a ciki, ka gaishe su da mutunci, ka tambaye su inda yake yoyo. Sun fi kowa sani.

Karatun rahoto: fara daga abin da ba a duba ba

Yawancin mutane shafin farko suke karantawa su ajiye. Ni shawarata ka fara neman wurin da ya lissafa iyakar aikinsa. A nan zai ce bai ga tushe ba domin yana ƙarƙashin ƙasa, bai shiga rufi ba domin babu ƙofar silin, bai ga bayan kabad ɗin kicin ba. Duk abin da ke wannan jerin, ba a ce lafiyarsa lau ba, an ce ba a gani ba. Ka ɗauki biro ka tambaye shi ɗaya bayan ɗaya: wanne ne ya kamata a koma a buɗe?

Daga nan sai ƙashin gini, wato tushe, ginshiƙai, bim (kankaren da yake kwance a kan ginshiƙai) da dakalin bene. Nan za ka zauna ka natsu.

Tsaga iri-iri ce. Siririya kamar gashi, wadda ta bazu a fuskar filasta kamar saƙar gizo, yawanci filastar ce ta bushe da gaggawa, gyaranta ba wuya. Wadda take tayar da hankali ita ce ta karkace, da ta tashi daga kusurwar taga ko ƙofa ta nufi sama, ko ta bi layin bulo kamar matakala, ko ta fi faɗi a sama fiye da ƙasa, musamman idan ka leƙa ta waje ka same ta a daidai wurin da take a ciki. Wannan tana nuna wani ɓangare na gidan yana zama cikin ƙasa fiye da wani. Rahoto mai kyau zai faɗi faɗinta da milimita. Idan ta kai milimita 5, har za ka iya cusa mata bakin makulli, ba maganar shafe da siminti ba ce, sai an gano dalili. Kuma zai nemi abokan tafiyarta: ƙofar da aka fere ƙasanta don ta daina cijewa, tagar da ba ta rufuwa, tayil da ya fashe a layi ɗaya, daɓen da idan ka zuba ruwa yake gudu gefe guda. Tambaya mafi muhimmanci ita ce, tsagar ta tsaya ko tana ci gaba? Ba a sanin wannan a yini ɗaya. Injiniya yakan sa alama da kwanan wata ya dawo bayan makonni. Idan ya nemi haka, ka ba shi lokacin, ko da dillali yana ce maka wani Alhaji na nan tafe da kuɗi a hannu.

Sai rodi. Kankare shi ne yake kare ƙarfen da ke cikinsa. Idan maginan sun sa rodi dab da fuska, ko an kwaɓa kankare da yashi mai gishiri, danshi zai kai ga ƙarfen. Ƙarfe idan ya yi tsatsa kumbura yake yi, sai ya turo kankaren ya ɓare. Alamarsa jan tabo a ƙarƙashin dakalin bene, a baranda, a ƙasan matakala, ko ɓawon kankare da ya faɗo ya bar rodi a fili. A gidajen da ke kusa da teku da tafkin Legas wannan ya zama ruwan dare. Idan rahoto ya ambace shi a ginshiƙi ko bim, ka nemi a yi gwaji na gaba. Akwai wata hama ta musamman da ake dannawa a jikin kankare ta nuna taurinsa, akwai na'urar da take gano inda rodi yake da nisansa daga fuska, akwai mai aika sauti ta cikin kankare don gano kogo, kuma in ta kama a huda a ciro ɗan guntu a kai ɗakin gwaji a matse shi. Jihar Legas tana da hukumar gwajin kayan gini, LSMTL, kuma akwai masu zaman kansu da aka yi wa rajista.

Ba don tsoratarwa nake jan wannan magana ba. A watan Maris na 2019 wani bene ya rufta a Ita Faaji da ke tsibirin Legas, da makarantar yara a cikinsa, kimanin mutum 20 suka rasu. Ranar 1 ga Nuwamba, 2021, bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard a Ikoyi ya zube, ya kashe fiye da mutum 40. Ɗaya tsohon gini a unguwar talakawa, ɗaya sabo fil a unguwar masu kuɗi. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Bayan ƙashi sai danshi. Idan ka ga ƙasan bango ya yi fari-fari kamar kanwa, fenti yana kumbura yana zubowa, daga daɓe zuwa kamar mita ɗaya, ruwa ne yake hawa daga ƙasa domin ba a sa abin tare danshi a tushe ba, ko an sa ya lalace. Masu sayarwa sukan rufe shi da tayil har ƙugu, ko sabon fenti. Mai dubawa yana da ɗan abin auna danshi da yake mannawa a bango, fenti ba ya ruɗarsa. Hancinka ma shaida ne: ɗakin da aka rufe kwana biyu idan ya yi warin fumfuna, akwai magana. Abin da kake so rahoto ya rarrabe shi ne asalin ruwan. Idan bututun banɗaki ne ya fashe a cikin bango, gyara ne mai iyaka. Idan kuwa daɓen gidan ya fi titi ƙasa, wannan ba ya gyaruwa da sauƙi. A Legas sau da yawa idan aka sake titi akan ɗaga shi, tsofaffin gidaje su koma kamar a rami. Ka nemi a rubuta maka tazarar da ke tsakanin daɓen falo da saman kwatar titi.

Rufi kuma sai an shiga cikin silin da tocila. A nan ake ganin katakon da gara ta ƙwaƙule, da hasken rana yana shigowa ta hujin ƙusa, da tabon yoyon da sabon silin ya ɓoye. Gidajen yayi masu ɓoyayyen rufi, waɗanda aka kewaye kwanonsu da bango, suna da magudanar kankare a sama, idan ta toshe ko ta tsage ruwa cikin bango yake bi. Tsofaffin gidaje kuma wasu rufinsu ko silinsu na asbesto ne, wanda ƙurarsa take illa ga huhu idan aka fasa shi, don haka cire shi yana son kulawa da kuɗi.

A wuta, abu huɗu za ka nema: kaurin waya, ko akwai wayar da aka binne a ƙasa don kare mutum daga jan wuta, lafiyar akwatin rarraba wuta, da yadda aka haɗa makunnin canji tsakanin wutar gari da janareta. A ƙa'ida kaurin wayar fitila murabba'in milimita 1.5 ne, ta soket 2.5, na'urar sanyaya ɗaki da tukunyar ɗumama ruwa kuma suna son layinsu daban. Ka ɗauki lambar mita ka je ofishin Ikeja Electric ko na Eko, duk wanda yake ba unguwar wuta, ka tambayi ko akwai bashi a kanta.

A ruwa, a buɗe famfuna duka lokaci ɗaya, a kora kowane masai, a ɗaga murfin sokawe, wato ramin da ruwan masai yake taruwa. Inda ruwan ƙasa yake kusa, sokawe ba ta tsotsewa, kullum kana kiran motar kwasa. A auna nisan ta da rijiyar burtsatse. Shawarar masana lafiya ita ce kimanin mita 30, abin da filayen Legas da yawa ba su da sararinsa, shi ya sa ya kamata a ɗebi ruwan a kai gwaji. A ɓangaren Lekki ruwan rijiya yakan zo da gishiri ko ja-ja mai ƙarfe, sai da injin tacewa.

Fashewar gilashi, marfin kabad da ya saki, fentin da ya koɗe, waɗannan ka wuce su da sauri. Sukan cika shafuka, amma ba su ne za su hana ciniki ba.

Ka gwada ginin da zanen da gwamnati ta amince da shi

Ka nemi mai gida ya kawo zanen gini mai hatimin hukumar ba da izinin gini ta jiha, LASPPPA, ka miƙa wa injiniya ya ƙirga. Idan zane ya ce hawa ɗaya a kan na ƙasa, kai kuma kana ganin biyu, to an ɗora wa tushe nauyin da ba don shi aka yi shi ba, kuma hukuma tana iya zuwa ta rushe ƙarin. Sabon gini kuma ka tambayi takardar kammalawa da dacewa da zama wadda hukumar sa ido kan gine-gine, LASBCA, take bayarwa. Ka duba katanga ta waje da kyau ko akwai jan rubutun hukuma da aka shafe da fenti. Idan akwai babbar kwata, rafi ko manyan wayoyin wuta kusa, a auna tazara. A 2023 gwamnatin jihar ta rushe gidaje masu tsada a Ikota da ke Lekki saboda sun shiga hanyar ruwa, kuma da yawa daga cikin mazaunansu saye suka yi, ba su suka gina ba.

Abin da za ka yi da rahoton

Ka zauna da injiniya, ka ce ya yi maka bayani da baki, in Turancin ya yi nauyi ka tafi da wanda zai fassara maka tsakani da Allah. Ku kasa matsalolin kashi uku: wanda yake barazana ga rai ko ga tsayuwar gini, wanda dole a gyara kafin a tare ko cikin shekara guda, da wanda zai iya jira. Kashi na biyu shi ne makaminka a ciniki. Ka sa a yi maka lissafin kuɗin gyaransa da farashin kasuwa na wannan watan, domin siminti da rodi ba sa zama wuri ɗaya, sannan ka kai wa mai gida takarda da hotuna, ka nemi ya sauke daidai wannan kuɗin. Na fi son ragi a kan mai gida ya ce zai gyara da kansa, domin wanda zai fita daga gida ba zai sayi kaya mai kyau ya sa a ciki ba. Idan dai shi zai gyara, a rubuta irin aikin a yarjejeniya, a riƙe wani kaso na kuɗi har injiniyanka ya dawo ya gani.

Kashi na farko kuwa, idan tushe ne yake ci gaba da zama, ko kankaren ginshiƙai ya faɗi gwaji, ko gidan yana kan hanyar ruwa, ni ban ga ragin da zai sa in kwantar da 'ya'yana a ciki ba. Sai dai idan filin kake so, ka saya da farashin fili, ka cire kuɗin rushewa.

Ranar karɓar makulli ka sake zagayawa da rahoton a hannunka, ɗaki-ɗaki, yanzu da aka kwashe kaya kuma bangon da ke bayan kujeru da kabad ya fito fili. Ka tabbatar injin jan ruwa, mita da ƙofofin da ka gani suna nan. Ka ajiye rahoton tare da takardun gida, zai yi maka amfani ranar gyara da ranar sayarwa.

Yayana bai sayi wancan gidan ba. Ya ƙara wata bakwai a haya, sannan ya sami wani a ɓangaren Abule-Egba, ƙarami a kan na farko, tsoho kuma, amma a kan tudu. Rahotonsa ya nuna gara ta ci katakon rufin ɗakuna biyu kuma wayoyin wuta sun tsufa. An rage masa kuɗin waɗannan, ya kawo kafinta da mai wuta suka yi mako uku suna aiki, iyali suka tare kafin azumi.